Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: Wa Ke Ƙirga Abin Da Ke Kashe Mu?

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate, Chigarin Misau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ka riƙon amanar da ya ɗora maka. Ni tsohon ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, irin waɗanda mutanen ƙauye ke kira malamin asibiti. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina ɗaure akwatin allurar rigakafi a bayan babur kafin na ajiye aiki. Ban zauna a ajin jami'a ba, amma na sha yi wa malaman jami'a da ɗalibansu jagora in sun fito bincike ƙauye. Ni ke kai su gaban dagaci, ni ke yi musu sallama a ƙofar gida, ni ke mayar da tambayoyinsu cikin harshen da tsohuwa za ta gane. A kan wannan aikin nasu nake son yin magana da kai, wato binciken lafiyar al'umma da rigakafi da ake yi a tsangayoyin koyon aikin likita na jami'o'inmu.

Bari in fara da wata tambaya da aka yi mini, wadda har yau ban sauke nauyinta ba.

Wata shekara masu bincike suka zo ƙauyen da nake aiki. Mutanen kirki ne, masu ladabi. Muka yi mako uku muna bi gida-gida. A kowane gida a tsaga yatsar yaro a ɗiga jini a kan ɗan gilashi, a auna damtsensa da zare mai launi uku, a ɗora shi a sikeli, sannan a zaunar da uwar a yi mata tambayoyi: haihuwa nawa, nawa ke raye, wanda ya rasu me ya yi masa, kwana nawa ya yi yana jinya. Na ga wata uwa tana lissafa 'ya'yanta da suka rasu da yatsun hannu, ta kai na huɗu sai murya ta sarƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ɗalibar da ke riƙe da takarda ta ajiye biro, muka yi shiru har matar ta dawo hayyacinta, ta ce a ci gaba, in dai abin zai amfani na baya. Mutanen nan ba su karɓi ko sisi ba. Har fura suke damo mana.

Bayan shekara biyu na je wata unguwa a ƙauyen da allurar ƙyanda. Na tarar da mai unguwa a kan tabarma a gindin darbejiya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, jinin nan na yaranmu da baƙinka suka ɗiba, me ya ce?" Na rasa amsa. Daga baya na ji cewa an buga sakamakon a wata mujallar likitoci ta ƙasar waje, da Turanci, kuma an yaba aikin. Ba zan ambaci jami'ar ba, domin da na bi sawu sai na gane kuɗin aikin ne ya ƙare ranar da aka gama tattara takardun, babu ko na man motar da za a koma a yi wa mutane bayani. A ranar da na je da allurar dai gida bakwai ne suka hana ni ganin yaransu.

Ranka ya daɗe, kai ɗan Zariya ne ta fuskar karatu, don haka abin da zan tuna maka yanzu ka fi ni saninsa. Na kawo shi ne saboda matasan da za su karanta wasiƙar nan, waɗanda da yawansu ke zaton bincike abin Turai ne da ake kawo mana a kwali.

A shekarun 1970 Zariya na cikin wuraren da duniya ke zuwa koyon cututtukan ƙasashe masu zafi. Marigayi Farfesa Umaru Shehu, ɗan Borno, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 2023, shi ya jagoranci Sashen Kiwon Lafiyar Al'umma na Jami'ar Ahmadu Bello tun yana jariri, ya kafa al'adar fitar da ɗalibin likita daga ɗakin majinyata zuwa bakin rijiya da kwatami. Brian Greenwood ya yi kusan shekara goma a nan yana nazarin sanƙarau, yadda yake tasowa da zafin bazara ya lafa da saukar ruwan fari. David Warrell ya duƙufa kan saran kububuwa. Eldryd Parry da abokan aikinsa suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, kumburi ya kama ƙafa, numfashi ya yi wuya, suka bi abin har cikin ɗakin mai jego, suka dubi wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Ba a tsaya nan ba, don shekaru da yawa bayan haka Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya sake buɗe maganar, ya jawo hankali ga ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jikin matan. Haka ilimi yake, na baya ya ɗora a kan na gaba, wani lokaci ya gyara masa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin Farfesa Kelsey Harrison. Daga 1976 zuwa 1979 shi da mutanensa suka rubuta labarin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, ɗaya bayan ɗaya, da hannu, babu kwamfuta a kan tebur. Abin da ƙirgar ta nuna shi ne, macen da aka kawo a gigice bayan ta kwana biyu tana naƙuda a gida, wadda ba ta taɓa zuwa awo ba, ita ce ke mutuwa ninkin-ba-ninkin wadda ke zuwa awo. Ta nuna kuma hatsarin da ke kan yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba, da yadda karatun mace ke sauya duk lissafin. Duk wa'azin da muka yi shekara da shekaru a ranar awo, a kan wannan ƙirgar ya tsaya, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Ga Malumfashi, inda aka zauna shekaru ana bibiyar cututtukan da suka zaune wa yankin, har da tsargiya. Ga kuma Garki, a Jigawa ta yau, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi daga 1969 zuwa 1976 suna gwada ko fesa maganin sauro a bango da raba magani ga kowa za su katse zazzaɓin cizon sauro. Cutar ta yi ƙasa sosai, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Wannan sakamako marar daɗi ne, amma ya yi wa Afirka amfanin da ba ya misaltuwa, domin ya hana a ci gaba da zuba dukiya a hanyar da ba ta ɓullewa ita kaɗai. Har yau masu lissafin yaɗuwar zazzaɓi a duniya suna komawa ga alƙaluman ƙauyukan Garki.

To, ina aka kwana? A 1980 Greenwood ya koma Gambiya, ƙasar da kai ma ka yi aiki a cikinta a farkon rayuwarka ta likita. Can suka ware ƙauyuka suka riƙe su, ana ƙirga haihuwa da mutuwa shekara bayan shekara ba a tsayawa. Saboda wannan ƙirga ne aka iya tabbatar da cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara. Gidan sauron nan da muke rabawa yau a kowace mazaɓa, hujjarsa daga ƙauyukan da ba a daina ƙirga su ba ta fito. Mu kuwa tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, malamai suka watse, motocin sashe suka zauna a kan duwatsu, ƙirgar ta tsinke. Da tsohuwar zuma ake magani, ranka ya daɗe, amma sai in an adana ta.

Illar tsinkewar nan mun gan ta da idonmu. A 2010 yara suka riƙa faɗuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Aka yi ta ba su maganin zazzaɓi, ba sa tashi. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF, waɗanda wani aikin daban ya kai su yankin, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, sannan aka gano gubar dalma ce. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida, a daka, a niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara kimanin 400 suka tafi. Da akwai wani sashen jami'a da ke riƙe da rajistar mutuwa a ko da gunduma guda ta yankin, da a wata na farko alƙaluma sun yi ihu. A 2015 kuma abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, kamar ba a taɓa gani ba.

A watan Afrilun 2020 muka wayi gari a Kano ana ta jana'izar dattawa. Babban birni, mai asibitin koyarwa, mai farfesoshi, amma da aka tashi sanin mutum nawa suka rasu sai da aka koma ga masu haƙa kabari da masu gadin maƙabarta. Daga baya aka bi gidaje ana tambayar iyalan mamatan yadda ciwon ya kasance, ministan lafiya na lokacin ya fito ya ce fiye da rabin mace-macen na da alaƙa da korona. Wannan hanya ta bin gida a tambayi yadda mutum ya cika, sanannen ilimi ne a Sashen Kiwon Lafiyar Al'umma, ana koyar da shi a aji. Me ya sa sai gobara ta tashi muke tuna da shi? Mu mutane ne masu gaggauta binne mamaci, kamar yadda addini ya koyar, kuma mafi yawanmu a gida muke cikawa. Takardar shaidar mutuwa ba ta cikin al'adarmu. Saboda haka littafin asibiti kaɗai ba zai taɓa gaya maka abin da ke kashe talaka ba. Dole sai wani ya je, bayan an share makoki, ya zauna ya yi ta'aziyya, ya tambaya.

Ga Gashuwa da ƙasar Bade, da sassan Haɗeja, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗauke magidanta, gida ya sayar da gona da shanu a kan wankin ƙoda kuma a ƙarshe a rasa mutumin. Wasu sun ce ruwa ne, wasu sun ce maganin feshi, wasu sun ce zafi da ƙishirwa a gona, wasu sun ɗora wa jiƙe-jiƙe da magungunan kashe ciwo. Gwamnatin Yobe ta tashi tsaye, kuma akwai matasan masana a Damaturu da suka sa abin a gaba, Allah ya saka musu. Amma irin wannan tambaya ba a amsa ta da ziyarar mako biyu. Sai an ɗauki mutane dubbai masu lafiya, an bi su shekara biyar, goma, ana auna su, ana duban abin da suke sha da inda suke aiki, a ga wa ya kamu wa ya tsira. Wane mai tallafi na waje ne zai jira ka shekara goma a kan ciwon da ba ya tsallaka teku?

Nan ne gizo ke saƙar. Kusan duk wani babban bincike da na taɓa yi wa jagora, kuɗinsa daga waje ya zo. Ban raina ba, kuma ba na butulci. Da kuɗin waje aka kafa cibiyar ƙirgar jama'a ta Nahuce a Bunguɗu ta Jihar Zamfara a 2009, da shi aka yi abubuwan alheri masu yawa. Amma mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya, shi ke yanka wa'adi. Shekara uku, a rubuta rahoto, a naɗe tabarma. Yaran unguwa da aka horar suka iya aikin, suka san kowane gida da sunan kowace mata, sai a sallame su su koma acaba. In wani tallafin ya zo bayan shekara biyu, a sake ɗauko sababbi a fara daga farko. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma abin da ya faru a farkon 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da tallafinta dare ɗaya, ya isa ya nuna mana haka.

Sai maganar yarda, wadda a wurina ita ce jarin duk wani aikin rigakafi. Mu da muka yi aiki a ƙasa mun san ba jahilci ne kaɗai ke sa uba ya tsaya a ƙofar gida ya ce ba za a taɓa masa ɗa ba. A 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan ya kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya haɗa da yara 200. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ko me mutum zai ce game da shari'ar, tabon ya zauna. Da maganar allurar shan-inna ta taso a 2003, har aka dakatar da ita a Kano kusan shekara guda, duk zauren da muka shiga sai an ambaci abin da ya faru a 1996. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Kai ne shaida a kan yadda aka ɗinke wannan ɓaraka, domin lokacin da ka karɓi hukumar lafiya a matakin farko a 2008, wurin sarakuna ka nufa. Aka sa Sarkin Musulmi da sarakunan Arewa a gaba, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, aka ga manya suna ɗiga wa jikokinsu a bainar jama'a. A haka muka kai ranar 25 ga Agustan 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Darasin da na ɗauka shi ne mutanenmu suna yarda da wanda suka sani, wanda ya zo jiya, ya dawo yau, kuma suka tabbata gobe ma zai dawo. Mai binciken da ya zo sau ɗaya ya ɗebi jini ya ɓace, ko da niyyarsa fara ce tas, ya ci daga wannan jarin bai mayar ba. Mu masu akwatin allura mu ke biyan bashin. Kuma bashin bai ƙare ba: ƙasar nan na da yara sama da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu allurar rigakafi ko ɗaya ba, akasarinsu a Arewa, kuma mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022, Kano a tsakiyarsa, a jikin irin waɗannan yaran ya samu wurin zama.

Ba na so ka ɗauka kuka kawai na zo yi. Masananmu na yau ba su gaza na da ba. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororin binciken da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Dabarar mai sauƙi ce: wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jini ya taru a ciki a gan shi da lamba, maimakon ungozoma ta kintata da ido a kan zane. Da ya kai layin hatsari sai a haɗa duk matakan ceto a lokaci guda, ba a bi su ɗaya bayan ɗaya ana jira ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin haihuwa da fitilar waya a baki, yana kallon fuskar mace tana yin fari, ya san ma'anar wannan lamba. A Kano ɗin dai aka nuna cewa ana iya auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yaro mai sikila a gane wanda shanyewar ɓarin jiki ke barazana gare shi, a ba shi ƙwayar magani mai araha a kare shi. Farfesa Abdulrazaq Habib da abokan aikinsa sun yi shekaru a kan maganin dafin maciji, tare da asibitin Kaltungo inda manoma ke cika gadaje da damina da kaka.

Tambayata ita ce, tsakanin ranar da aka tabbatar da abu a jami'a da ranar da zai isa asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, wa ke riƙe da igiyar? Malami ya buga takardarsa, an ƙara masa girma, aikinsa a ido na jami'a ya ƙare. Mai sayen kaya a ma'aikata bai karanta mujallar ba. Ungozomar da ke bakin aiki ba ta ma ji labari ba. Na lura kuma Sashen Kiwon Lafiyar Al'umma kamar ɗan da ke tsakanin gidaje biyu ne: jami'a na ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, asibitin koyarwa na ƙarƙashin taka, asibitocin ƙauyen da ya kamata ya yi aiki a cikinsu kuma na hannun jiha da ƙaramar hukuma. In ana rabon kuɗi a asibitin koyarwa, na'urar ɗaukar hoto da ɗakin tiyata ake gani, don su ake yanke wa kyalle a ɗauki hoto. Yaron da bai kamu da ƙyanda ba, ba shi da hoton da za a nuna.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, bai fi ƙarfin ofishinka ba. Kowace tsangayar koyon likita ta gwamnatin tarayya a ba ta yanki nata na dindindin, gunduma biyu ko uku, inda za a san kowane gida, a rubuta kowace haihuwa, kowane ciki, kowace mutuwa da sanadinta, ba tare da yankewa ba. Tushen yana nan, ba sabon gini ake nema ba. Zariya na da cibiyarta a Yakawada, Kano na da Kumbotso, Ibadan na riƙe da Igbo-Ora tun 1963. Abin da ya rage shi ne a ba su layi nasu a kasafin kuɗi, na naira, wanda ba ya jiran sa hannun wani a Landan ko Washinton, kuma a ɗauki masu bin gidaje aiki na dindindin daga cikin 'ya'yan yankin, mata su fi yawa, domin su ke shiga inda namiji ba ya shiga. In Sakkwato da Maiduguri da Zariya da Kano da Bauci da Jos kowace na riƙe da irin wannan yanki, duk ƙarshen shekara za a ajiye maka a tebur abin da ke kashe yara da mata a Arewa, daga bakin iyayensu. Ba sai mun jira babban binciken ƙasa da ake yi bayan shekara biyar ba, irin na 2018 da ya gaya mana cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar, a Kebbi ma 252. Wannan lamba ta gaya mana girman ramin, amma mai aiki a ƙasa yana bukatar sanin wane wata, wace cuta, wace unguwa.

Kuɗin kuma ba sabon alkawari ba ne. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka ce kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya. A Bamako a 2008 aka amince a ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin ma'aikatar lafiya domin bincike. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta samar da asusun kula da lafiya a matakin farko, ita ce kuma ta tanadi kwamitin da zai tsara abin da ya kamata ƙasa ta bincika. Na san aljihun gwamnati ba ya cika, na san masu miƙo hannu suna da yawa. Amma yanzu da muke shigo da sababbin allurai, ta sanƙarau mai kare nau'i biyar wadda Najeriya ce ta fara amfani da ita a duniya a 2024, da ta zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen shekarar, da ta kansar bakin mahaifa tun 2023, wa zai gaya mana ko suna aiki a jikin yaranmu, a cikin zafinmu, da irin wutar lantarkinmu? Sanƙarau ya riga ya koya mana wannan. Bayan allurar 2011 ta kwantar da nau'in da muka saba da shi, sai wani nau'in ya ɓarke a Zamfara a ƙarshen 2016, ya kashe mutum sama da 1,000 kafin ya lafa a 2017. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙon ka sa kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar bincike ya mayar da shi sharaɗi: duk wanda zai shiga ƙauye ya ɗebi jini, ko ya tambayi uwa game da 'ya'yanta da suka rasu, sai ya nuna a cikin kasafinsa kuɗin komawa. Ya koma ƙofar fadar dagaci, a tara maza, a shiga gida a tara mata, a gaya musu da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci abin da aka gano, da abin da za su iya yi a kai, da abin da hukuma ta ce za ta yi. A kai wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma kwafi a takarda biyu da zai iya karantawa. A shiga gidan rediyon jiha a faɗa. Jami'o'i kuma su lissafa wannan komawa cikin abin da ake duba wa malami in za a ƙara masa girma, kamar yadda ake ƙirga masa takardun da ya buga. In har ba a samu komai ba, a je a ce ba a samu komai ba. Mutanen ƙauye sun san ana shuka a rasa.

Mai unguwar nan da ya yi mini tambaya ya rasu shekaru shida da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Ɗansa ne ke riƙe da unguwar yanzu, kuma yana cikin yaran da suka tsaya suna kallo ranar da aka tsaga yatsun ƙannensu. Mu tsofaffin ma'aikata da muka ajiye aiki muna nan da yawa a kowace ƙaramar hukuma, mun san hanyoyin, mun san gidajen, ƙafafunmu kuma ba su gama gajiya ba. Ranar da aka shirya komawa da amsa, a neme mu, za mu shige gaba mu yi sallama.

Allah ya ƙara wa Chigari lafiya, ya sa a gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin asibiti, daga karkarar Arewa.